Kamfanin share-share ko samarin unguwa? Amsa ga Hajiya mai shirin tarewa a Hanwa

Tambayar a taƙaice ita ce: Hajiya da maigidanta sun kammala ginin gida a unguwar Hanwa da ke Zariya, suna so su tare nan da wata guda. Maigidanta kuma yana da bene a Sabon Gari, shaguna a ƙasa, ofisoshi a sama, 'yan haya suna ta ƙorafi a kan ban-ɗaki da matakala. Sun kira kamfanonin share-share uku, kowa ya yanka nasa kuɗin, na sama ya ninka na ƙasa sau uku. Yayarta ta ce duk ɓarnar kuɗi ce, a samo samarin unguwa huɗu a saya musu omo da Hypo, kwana biyu sun gama. Shin akwai abin da kamfani zai yi wanda samarin ba za su iya ba? In akwai, ta yaya za ta gane na ƙwarai a cikin ukun?

Hajiya, Allah ya sanya alheri, ya sa a tare a sa'a. Shekarata goma sha huɗu ke nan a wannan sana'a a nan Zariya. Da mofa da bokiti na fara kafin na kai ga riƙe biro ina raba wa wasu aiki, saboda haka duk ɓarnar da zan ja miki kunne a kanta, ko dai na yi ta da hannuna ko an yi ta a gabana.

Ki gaida Yaya, ki ce mata tana da rabin gaskiya. In shara ce da goge-gogen yau da kullum, ba ki da buƙatar kamfani. 'Yar aiki mai hankali ta ishe ki, kuma kafin wata biyu ta fi mu sanin lungunan gidanki. Amma dattin sabon gini ba irin wanda omo ya saba da shi ba ne. Siminti ne da ya bushe a kan tayil, fenti ne da ya ɗiga a gilashi, garin fulasta da na silin ne da ya shige kowace kafa, ga gam ɗin ledar da ke manne a tagogi da kwanon wanke hannu. Kowanne da maganinsa, kuma maganin wannan yakan zama guba ga wancan. Ƙarfi kam, samarin unguwa sun fi ma'aikatana. Abin da kike biyan kamfani dominsa shi ne sanin abin da ba a zubawa a kan wane abu.

Ga yadda na koyi wannan karatu. A shekarata ta biyu aka ba mu wankin wani tsohon gida a GRA, mai shi ya yi ritaya ya dawo gida. Daɓen falon tarazo ne, irin na da ɗin nan mai tsakuwa fari da baƙi, an yi gyaran bango siminti ya zubo masa. Wani yaro da muke aiki tare ya ce ya san magani. Ya fita, ya dawo da asid a 'yar jarka, irin wanda masu tayil ke amfani da shi, ya tsiyaya. Nan take daɓen ya hau kumfa yana tsuwa kamar an jefa ƙosai a mai, mu kuwa har da tafi, wai datti ne ke fita. Da muka ɗauraye ya bushe, sai ga wani farin tabo kamar taswira a tsakar falo, wurin ya yi kaushi, in ka shafa tafin hannu gari ya biyo ka. Dattijon bai ɗaga murya ba. Ya daɗe a tsaye yana kallo, sannan ya ce mahaifinsa ne ya sa aka yi daɓen nan, shekara arba'in ana takawa bai sauya ba sai yau. Da ma zagin mu ya yi da ya fi sauƙi. Sai da muka ɗauko mai injin gurza tarazo, kuɗin aikin duk suka tafi can har da ciko daga aljihu, kuma har yau wanda ya san wurin zai gane shi.

Kumfar da muke wa tafi daɓen ne da kansa yake narkewa. Tarazo haɗin siminti ne da tsakuwar mabul, su biyun kuma asid yana cin su, kamar dai yadda kike gani in an matsa lemun tsami a kan kanwa. Haka mabul zalla, wanda yanzu ake yayin sa wa a matakala da kantar kicin. Tayil mai sheƙi yakan jure, amma simintin da ke cike tsakanin tayil da tayil ba ya jurewa. Ranar aiki ba za ki ga komai ba, falo zai yi ta ɗaukar ido. Sai bayan 'yan watanni layukan su zama ramuka, datti ya zauna ciki, ruwa ya sami hanyar shiga ƙarƙashi, ki taka tayil ki ji yana amo kamar ganga. Tururin asid ɗin kuma shi ke sa sabon kan famfo da mariƙin ƙofa da firam ɗin alminiyon su dushe ko su yi tsatsa cikin kwanaki, maigida ya yi ta tsine wa ɗan kasuwa wai jabu ya sayar masa. Ba cewa nake ba a taɓa amfani da shi ba. Ana yi, amma a kan tayil kaɗai, bayan an sirka shi da ruwa sosai, an jiƙa daɓen tukuna, an gwada a wani lungu da kujera za ta rufe, an buɗe tagogi, an kuma ɗauraye da ruwa mai yawa. Galibin simintin ma da ƙarfen kankara da haƙuri yake fita, mutum a durƙushe tayil bayan tayil. Wannan haƙurin shi ne mai tsada. Mai araha jarkar asid yake tuttulawa ya huta.

Sai tsarin aikin. Daga sama ake farawa a sauko ƙasa, daga ƙuryar gida a nufo ƙofa, kuma busasshen aiki kafin jiƙaƙƙe. Wanda ya shigo sabon gini ya fara da kwara ruwa ya riga ya faɗi jarrabawa, don garin fulasta in ya haɗu da ruwa kunu yake zama, mofa ta yi ta shafa shi daga ɗaki zuwa ɗaki, ya bushe ya bar farin hazo a kan tayil. Sai an kwashe ɓaraguzai, an kakkaɓe silin da bango da fankoki, an zuƙe ƙurar da inji, sannan ruwa ya shigo. Kuma kada ki bari a fara sai ma'aikatan gini duk sun fita. Mai fenti kullum yana da “ɗan abin da ya rage”, kafinta zai dawo rataye labule ya huda bango, mai lantarki zai taka kantar da aka goge da takalminsa. Ba a fafe gora ranar tafiya, gaskiya ne, amma a nan in an fafe da wuri ma sai an sake. Abin da na fi so shi ne babban wanki kamar kwana biyar kafin tarewa, a rufe gidan kwana biyu ko uku ƙurar da ke yawo a iska ta kwanta, a dawo a yi zagaye na biyu mai sauƙi. Ki tambayi kowane kamfani cikin ukun ko kuɗinsa ya haɗa da wannan dawowar. Wataƙila a nan za ki fara ganin inda bambancin farashin ya ɓuya.

Lokacin shekara ma yana da ruwa a ciki. Ƙurar hunturun da ke lulluɓe Zariya daga Nuwamba zuwa Fabrairu, yawancinta daga wani kwari ne da ake kira Bodele a ƙasar Chadi iska ke kwaso ta, kuma laushinta ya fi na garin fulawa, shi ya sa ko an rufe taga take shiga. Ki haɗa da jar ƙasar titunanmu na cikin unguwa. A irin wannan lokaci tsintsiya da busasshen tsumma tayar da ita kawai suke yi ta sake sauka. Ɗanyen tsumma da injin zuƙa ne ke kama ta. Ragar sauro ta taga da kwalbatin da gilashi ke zamewa a kai, nan take taruwa, kuma nan malalacin ma'aikaci ke tsallakewa. Amma hunturu yana da amfani guda ɗaya: shi ne lokacin wankin kafet da kujeru da katifu, da safe a wanke, la'asar sun bushe ƙarau. A watan Agusta kuwa, lokacin da ruwa ya fi zuba a nan, in aka jiƙa miki kafet ba tare da injin da zai tsotse ruwan ba, zai kwana uku da laima, ya yi fumfuna, ya tashi da wani wari da ko buhun turaren wuta kika ƙona ba zai kore shi ba. In za ki tare da tsofaffin kujeru, a wanke su tun a tsohon gida, a kuma duba ɗinkinsu da ƙasansu ko da kuɗin cizo, kada a yi masa rakiya zuwa sabon gida.

Yanzu ga abin da nake so ki fi riƙewa, wato abin da ke cikin jarkokinsu. Ranar da suka zo ki ce a sauke kayan aiki a gabanki. Duk jarkar da ba rubutu a jikinta, ki tambayi mene ne a ciki. In aka ce miki “haɗinmu ne na musamman”, ki ce a mayar da shi mota. Sabulun ruwa da ake haɗawa a gida ba laifi ba ne, mu ma muna saye a wurin mata masu sana'ar, amma mai aiki ya san sunan abin da yake zubawa.

Haɗin da ya fi yi mana ɓarna shi ne bilic, irin su Hypo da Jik, da ruwan wanke masai mai asid, irin su Harpic. Kowanne shi kaɗai lafiya lau yake aikinsa. In suka haɗu sai su fitar da iskar kulorin mai ƙona ido da maƙogwaro da huhu, kuma masu yin su sun rubuta gargaɗin a jikin robar, karantawa ce ba ma yi. Na taɓa ɗauko wata ma'aikaciyarmu, dattijuwa mai ƙwazo, daga wani ban-ɗakin ofis marar taga, tana tari hawaye na zuba ba ta iya magana. So take masan ya yi fari tas ta burge, ta zuba wannan ta bi da wancan. Allah ya taƙaita, amma ta yi mako ba ta zo aiki ba. Wannan gargaɗi har 'yar aikinki ki yi wa, don a gidaje aka fi yin sa.

Shi kansa bilic ɗin yawancin mutane barbaɗa shi suke yi da ka. Wanda ake sayarwa a kantunanmu galibi ƙarfinsa kashi 3.5 cikin ɗari ne, ki duba jikin robar. Don goge daɓe da kanta da mariƙin ƙofa, abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara shi ne a sirka shi ya dawo kashi 0.1, wato awo 1 na bilic a awo 34 na ruwa. A bokiti mai lita 10 wajen mililita 300 ke nan, bai ma cika kwalbar lemo ta gilashi ba. In jini ne ko amai ko bayan gida, kashi 0.5 ake so, awo 1 a awo 6 na ruwa. Kuma sai an fara wanke wurin da sabulu, domin datti yana kashe masa ƙarfi, sannan a shafa a bar shi ya ɗan jima kafin a goge. Wanda aka sirka yau ba ya kaiwa gobe, zafi da rana suna cinye shi. Ki jefa wa shugaban ma'aikatan wannan tambaya a cikin hira: awo nawa kuke sawa a bokiti? Wanda ya sani zai amsa kafin ki rufe baki. Wanda ya ce “sai ya yi ƙauri sosai”, kin ji amsarki.

Akwai wani abu da ba a koyarwa a takardun Turawa amma masu gidajenmu suna kula da shi, wato tsarki. A mazhabar Malikiyya da muke bi, ruwan da sabulu ya sauya masa launi ko ɗanɗano ko ƙamshi yana fitar da datti, amma ba ya ɗauke hukuncin najasa, sai an bi da ruwa zalla. Saboda haka kafet ɗin da yaro ya yi wa fitsari, ko shimfiɗar ɗakin da za a riƙa salla, ba ya isa a shafa masa kumfa a tsotse. Mu muna bi da ruwa tsantsa a ƙarshe, a zuba a tsotse. Ki faɗa musu tun farko, don ba kowane ma'aikaci ne ya san da wannan ba, musamman in ba Musulmi ba ne, kuma ba laifinsa ba ne in ba a gaya masa ba. Mofar ban-ɗaki kuma kada ta kusanci falo, balle kicin. Kamfanonin kirki launi suke rabawa, ja na ban-ɗaki, kore na kicin, shuɗi na sauran wurare. Ko ba su bi waɗannan launuka daidai ba, ki dai ga cewa bokiti da tsumma sun rabu. In mofa ɗaya suka sauke daga mota, ita ce za ta zaga gidan duka.

Tankin ruwa kada a manta da shi. Magina sun yi watanni suna tsoma bokitin siminti a ciki, ga laka da ruwan burtsatse ke kwantarwa. A zubar, a wanke, a sa bilic, a ɗauraye har warin ya tafi, a sake yi duk bayan wata shida. Sokawe kuwa ko ramin masai, ko da wasa kada ki yarda wani ya shiga ciki da sunan gyara. Iskar da ke taruwa a ciki tana kayar da mutum cikin daƙiƙoƙi, kuma sau da yawa wanda ya shiga ceto shi ma can yake zama. Aikin motar zuƙa ne.

Maganar amana. Yanzu gidan ba kowa, maza su yi ta aiki ba damuwa. Amma in kin tare kina so a riƙa zuwa duk wata uku ko kafin Salla, gidanki gidan ba-shiga ne, ki nemi kamfanin da yake da mata ma'aikata, maza su tsaya a tsakar gida da tanki da tagogi ta waje. Akwai su a Zariya, kuma ni a wurina matan sun fi lura da lungu. Ki karɓi sunayen duk waɗanda za su shigo tun ana gobe, ki ƙirga su da shiga ki ƙirga su da fita, a kuma nuna miki mutum ɗaya da zai amsa in wani abu ya faru. Gwal da kuɗi da takardun fili ki kulle. Ba don ma'aikatan ɓarayi ne ba. Kariya ce gare su su ma, don na ga yarinya ta sha kuka a kan ɗan kunnen da daga baya aka tsinta a jakar uwar gida. Abu mai tsada da ya riga ya tsage ko ya karce, a ɗauki hotonsa da waya kafin a fara, ku duka ku gani.

To, benen Alhaji. Wannan ciwonsa daban ne, kuma babban wanki sau ɗaya ba zai warkar da shi ba. Ban-ɗakin da mutum talatin ko arba'in ke shiga a yini, ko da zinariya aka wanke shi ranar Asabar, kafin azahar ɗin Litinin ya koma gidan jiya. Kafin a yi maganar kamfani, a fara tambaya: akwai ruwa a ban-ɗakin kullum? In babu, ba kamfanin da zai iya, kuɗin tanki da injin jan ruwa za a fara kashewa. Na sha ƙin karɓar aiki saboda wannan, don na san ni za a zaga. In ruwa ya samu, abin da ake buƙata mutum ne tsayayye, ɗaya ko biyu, da zai share matakala da baranda kafin a buɗe shaguna, ya leƙa ban-ɗaki sau uku ko huɗu a yini, da mai duba shi da zai riƙa faɗowa ba sanarwa. Takarda a bayan ƙofa ana sa hannu da lokaci tana taimakawa, in dai akwai mai karanta ta. Babban wanki sai ya zama na wata-wata. Kuɗin kuma a raba wa 'yan haya a rubuce tun wajen sabunta haya, domin abin da kowa ke amfani da shi ba mai biya, shi ne matakalar da suke kuka da ita.

Abu biyu da masu benaye ke mantawa. Na farko kwatar da ke gaban shaguna. A yashe ta a watan Afrilu kafin ruwan farko, in ba haka ba leda da robar ruwa su toshe ta, ruwa ya shiga shagon mai atamfa. Na biyu, ina kamfanin ke kai sharar? A rubuta shi a yarjejeniya. Wasu da dare suke juye ta a kwalbati ko bakin rafin Kubanni, kuma ranar da duba-gari ko jami'an KEPA, hukumar kare muhalli ta jihar Kaduna, suka biyo sawu, mai gini za su nema, ba mai tsintsiya ba. In akwai shagon hatsi ko kayan masarufi a ƙasa, to akwai ɓera, kuma kashinsa da fitsarinsa ba a share su a bushe. Ta nan zazzaɓin Lassa ke kama mutum, cutar da aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa da ke jihar Borno a yau, kuma da rani ta fi tashi. A jiƙa wurin da ruwan bilic, a sa safar hannu da takunkumi, sannan a kwashe.

Farashi kuwa, ba zan yanka miki adadi ba tunda ban ga wurin ba, kuma wannan ita ce ƙa'idar farko: duk wanda a cikin ukun ya faɗi kuɗi ta waya bayan ya tambayi “ɗaki nawa ne”, ki ajiye shi gefe. Ɗaki huɗu mai tayil da mai fenti ya shimfiɗa leda kafin ya fara, da ɗaki huɗun da aka kwaɓa siminti a tsakar falonsa, ba aiki ɗaya ba ne. Na ƙwarai zai zo ya zaga, ya durƙusa ya karci daɓe da farce, ya tambaye ki wannan mabul ne ko tayil, ya tambayi ruwa daga ina, wuta fa. Waɗannan biyun a Zariya ba ƙananan tambayoyi ba ne. Wankin sabon gini yana shan ruwa ƙwarai, in kuma burtsatsen bai fara aiki ba sai an sayi kura-kura a wurin 'yan garuwa. Injin zuƙa da na wanke kafet suna son wuta tsayayya, in an ɗauke sai janareta, man kuma wa zai saya? Na ga aiki ya tsaya cak da azahar ana jayayya a kan lita biyar ta fetur. A rubuta. Janaretan kuma a waje, nesa da taga, kada a kunna shi a baranda ko cikin gareji mutane suna aiki a ciki.

Ga wani ɗan lissafi da zai taimaka wa Alhaji a kan kwangilar wata-wata. Tun Yulin 2024 mafi ƙarancin albashi a Nijeriya naira 70,000 ne, wato kusan naira 2,700 a yini in an raba a kwanakin aiki 26. Dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, kuma ƙananan kamfanoni irin namu da yawa suna ƙarƙashin haka, amma ma'auni ne mai kyau. In kamfani ya ce zai ajiye mutum biyu kullum, ya kawo kayan aiki, ya biya mai dubawa, ya ci riba, duk a kuɗin da bai kai albashin mutum ɗaya ba, to wani ake zalunta. Ko ma'aikacin, wanda zai gudu bayan wata biyu a kawo baƙuwar fuska, ko ku, ta hanyar sabulun da aka tsinka da ruwa har ya zama shayi. Araha ba ta ado. Amma mai tsadar ma ba lalle ne ya fi ba; wani kuɗin riga mai tambari da bidiyon Facebook kike biya. Hanyar ganewa ita ce ki rubuta jerin aikin da kanki a takarda ɗaya, daga silin har tanki har zagaye na biyu, ki ba su ukun, kowa ya sa kuɗi a gaban kowane layi. Sau da yawa za ki tarar mai arahar bai sa tagogin waje da tanki da kwashe ɓaraguzai ba, mai tsadar kuma ya cusa feshin da ba ki nema ba.

Takardu ba su da wuyar dubawa. Rajistar CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni ta ƙasa, ana bincika ta kyauta a shafin hukumar da sunan kamfanin. Akwai kuma majalisar kula da lafiyar muhalli ta ƙasa, EHCON, wadda a da ake kira EHORECON, ita ke ba masu wannan sana'a da masu feshi lasisi. Don wankin gida ba zan ce ki kori wanda ba shi da lasisin ba in aikinsa yana da kyau. Abin da ya fi takarda shi ne ya ba ki lambar mutum biyu da ya yi wa aiki wata shida da suka wuce, ba jiya ba, don ɓarnar asid sai ta kwana biyu take nuna fuska. In da hali ki je ki ga wurin, gani ya kori ji.

Amma feshi, a nan ba na sassauci. Sabon gini a yankinmu gara ce babbar barazanarsa, sai kyankyaso daga sokawe, kuma kamfanonin share-share da yawa suna haɗa feshi a matsayin gyara, kamar mai tumatir. Ki tambayi sunan maganin, ki ga kwalbarsa ta asali, a gaya miki awa nawa za a yi kafin a shiga. Sniper da danginsa maganin gona ne, ba na ɗakin kwana ba, shi ya sa a 2019 NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni da kantuna. Ƙwayar nan da ake jefawa a buhun wake da masara kuwa, wadda wasu ke sawa a ɗaki don ɓera ko kuɗin cizo, iskar da take fitarwa tana bi ta silin da ƙasan ƙofa ta kashe mutanen da ke barci a ɗakin kusa. A yi feshi bayan babban wanki, gida ba kowa, ba abinci ba kwanuka, a buɗe tagogi yini guda, sannan zagaye na biyu ya goge duk inda hannun yaro zai kai.

Kafin alƙalami kada ya wuce rabi. Cikon sai kin duba, kuma ki duba da rana tsaka, ma'aikata da injinansu ba su tafi ba. Kada ki tsaya a ƙofar falo ki ce masha Allah, tsakiyar falo kowa ya iya ta. Ki riƙe farin hankici, ki sa a ɗauko miki kujera a shafo saman ƙofa da bayan fiffiken fanka. Ki zura yatsa a kwalbatin taga. Ki leƙa bayan masai da ƙarƙashin kwanon wanke-wanke. Ki cire takalmi ki taka daɓen da ƙafa: in kin ji tsakuwa-tsakuwa siminti bai fita ba, in kin ji danƙo sabulu ne ba a ɗauraye ba, kuma shi zai riƙa kama ƙura. Ki kunna fitilar waya ki kwantar da ita a ƙasa ta haska daɓen a kwance, duk hazon da ido bai gani ba zai fito. In ƙamshi ya buge ki tun daga ƙofa, ki buɗe tagogi ki dawo bayan rabin awa ki ji abin da ke ƙarƙashinsa.

Na ƙarshe shi ne wanda kusan ba mai yi. Ki ɗebi ruwa cikin bokiti ki kwara a daɓen kowane ban-ɗaki da na kicin, ki tsaya ki ga tafiyarsa. Ma'aikacin da ke sauri, ruwan wankin da ke cike da garin siminti a magudanar ban-ɗaki yake juyewa maimakon ya fita da shi waje, garin ya kwanta a gwiwar bututu ya daskare. Ba za ki sani ba sai ranar da baƙin tarewa suka cika gida. In ruwan ya wuce da sauri, ki biya su. In ya tsaya yana kallonki, cikon ya jira filamba, kuma a cikin kuɗinsu za a biya shi.